WA'ADIN SHEKARA BIYAR YA WUCE: INA TSARI, INA RAHOTO?

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka shirya domin shugabannin ƙungiyoyin 'yan Arewa mazauna Ikko, Badun, Fatakwal da sauran biranen Kudu, a kan nauyin da ke wuyan ma'aikatu da ƙungiyoyi wajen buɗe wa naƙasassu hanya.



Cikin watan Janairu na 2019 Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya. Dokar ta ba da wa'adin shekara 5 domin a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga da motocin da suke hawa, yadda gurgu da makaho da kurma za su iya amfani da su kamar kowa. Wannan wa'adi ya cika cikin Janairu na 2024. Amma duk wanda ya zaga ofisoshi da bankuna da tashoshin mota da kasuwannin biranen nan zai tarar da matakala da yawa suna nan inda suke, ƙofofi da yawa ba su ƙara faɗi ba, kwatoci da yawa kuma har yanzu bakinsu a buɗe yake.

Abin da wannan jawabi zai tsaya a kai shi ne dalilin haka, da kuma maganinsa. Wa'adi ba ya cika kansa. Abin da ke sa ma'aikata ko ƙungiya ta cika alkawari shi ne rubutaccen tsari wanda ke ɗauke da sunan mai aiki da ranar gamawa da kuɗin da za a kashe, sa'an nan rahoton da za a karanta a bainar jama'a kowace shekara, a ji abin da aka yi da abin da aka kasa.

SU WANE NE AKE MAGANA A KANSU?

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, watau kashi 16 daga cikin 100 na jama'ar duniya, suna da wata naƙasa mai tsanani. Wannan ya kai mutum 1 daga cikin kowane mutum 6. In aka ɗora wannan ma'auni a kan ƙungiyar da ke da mambobi 600, to, ana iya sa ran kimanin 100 daga cikinsu abin ya shafa. A yau hukumomi sun fi kiransu masu buƙata ta musamman. Ko da wane suna aka kira su, ba baƙi ba ne ga kowa. Akwai wanda shan-inna ya kama tun yana yaro. Akwai direban da ya rasa ƙafa a hatsarin mota, da ɗan acaba da ya karya ƙashin baya, da dattijon da ciwon sukari ya taɓa wa ido, da tsohuwar da gwiwa ta hana ta hawa bene. Mai lafiya a yau bai san abin da gobe za ta kawo masa ba.

Mutanen Arewa da ke Kudu sun san wannan lamari fiye da kowa. Gidan nan na Okobaba da ke Ebute Metta a Ikko ya daɗe yana ɗauke da makafi da guragu da kutare, da yawansu 'yan Arewa ne, kowane rukuni da shugabansa. A Agege da Idi-Araba da Sabon Badun ma akwai su. Kuskure ne a ɗauka dukansu bara suke yi. Akwai masu gyaran takalmi, masu ɗinki, masu tireda, masu gyaran waya, da ɗalibai. Sau da yawa matakala uku da ke ƙofar banki ko makaranta su ne ke raba mutum da sana'a su mai da shi bakin titi.

ABIN DA DOKAR TA CE

Ya kamata kowane shugaba ya san manyan hukunce-hukuncen wannan doka ta 2018, domin jahilcin doka ba ya kare mutum a gaban alƙali.

Da fari, wanda ya nuna wa naƙasasshe bambanci saboda naƙasarsa ya yi laifi. In kamfani ne, tararsa Naira 1,000,000. In mutum ne shi kaɗai, tarar Naira 100,000, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun.

Na biyu, naƙasasshe yana da ikon shiga gine-ginen jama'a daidai da kowa, kuma tilas ne a sanya wa irin waɗannan gine-gine abubuwan da ke sauƙaƙa shiga, kamar hanya mai gangare da keken guragu zai iya hawa, da na'urar hawa bene inda ake bukata. Ginin jama'a kuwa bai tsaya ga na gwamnati ba, ya haɗa da ginin da aka buɗe domin amfanin jama'a.

Na uku, kafin a kafa sabon ginin jama'a sai hukumar da abin ya shafa ta duba zanensa. Jami'in da ya amince da zanen da ya saɓa wa ƙa'idar gini yana fuskantar tarar da ba ta gaza Naira 1,000,000 ba, ko ɗaurin shekara 2, ko duka biyun. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, kuma hikimar wannan sashe ke nan: gyara a kan takarda ya fi rushe siminti araha.

Na huɗu, naƙasasshen da ya tarar da wani shinge a wurin da yake da haƙƙin shiga yana iya sanar da masu wurin, ba tare da ya rasa damarsa ta zuwa kotu ba. In suka ƙi kawar da shingen, kotu na iya sa kamfani ya biya shi diyyar Naira 10,000 a kan kowace rana da aka yi ba a gyara ba.

Har ila yau dokar ta nemi ma'aikatun gwamnati su yi iyakar ƙoƙarinsu wajen ganin aƙalla kashi 5 daga cikin 100 na ma'aikatansu naƙasassu ne. Ta ba su ilmi kyauta har zuwa sakandare, ta ce a fara sallamarsu a layi, ta kuma hana a yi amfani da naƙasasshe wajen bara ko a riƙa yawo da shi don neman sadaka. Ita ce ta kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa, wadda aka naɗa wa shugabanni a 2020. Jihar Ikko ma ta riga Gwamnatin Tarayya, domin tun 2011, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, ta yi tata dokar, wadda ta haifar da ofishin LASODA mai kula da harkokin naƙasassu a jihar.

INDA GIZO KE SAƘA

Ko shakka babu wannan doka tana da haƙora. To, me ya sa wa'adin ya wuce aikin bai kammala ba? Wasu za su ce rashin kuɗi, wasu su ce rashin sani, kuma duka akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma akwai wani giɓi da ba a cika lura da shi ba. Dokar ta faɗi inda za a je da ranar da za a isa, sai dai ba ta ɗora wa kowace ma'aikata ta rubuta yadda za ta raba tafiyar zango-zango ba, balle ta buga rahoton inda ta kwana a ƙarshen kowace shekara.

Kowane ɗan kasuwa a wannan taro ya san abin da ke faruwa ga bashin da aka ce a biya nan da shekara 5 ba tare da an yanka abin da za a riƙa kawowa duk wata ba. Shekara ta fari mai bashi zai ce da sauran lokaci. Ta biyu da ta uku ya manta. Ta huɗu a sauya manaja, sabon ya ce bai gaji maganar ba. Ta biyar kuma a ce kuɗin ya yi yawa. Haka wa'adin gyaran gine-gine ya tafi a wurare da dama. Ba wanda aka tambaya a 2020 me ya gyara, saboda haka ba abin da zai nuna a 2024.

Abin mamaki, ita kanta Nijeriya tana ƙarƙashin irin wannan ƙa'ida ta ba da rahoto. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a 2006, Nijeriya ta sa hannu a 2007, ta tabbatar da ita a 2010. Yarjejeniyar ta wajabta wa kowace ƙasa ta kai rahoton farko cikin shekara 2, daga nan kuma aƙalla duk shekara 4. Waɗanda suka tsara ta sun gane cewa alkawarin da ba a bibiya ba ya daɗewa a zuciya. Abin da aka ɗora wa ƙasa kuwa ya dace a ɗora wa ma'aikatun da ke cikinta.

YADDA KANADA TA YI

A wannan shekara ta 2019 da Nijeriya ta sami dokarta, ƙasar Kanada ma ta yi tata, wadda ta fara aiki cikin watan Yuli. Burinta shi ne a kawar da shingayen da ke gaban naƙasassu kafin 1 ga Janairu, 2040. Dokar ta shafi ma'aikatun gwamnatin tarayyar ƙasar da kamfanonin da ke ƙarƙashin ikonta, kamar bankuna, kamfanonin waya, gidajen rediyo da talabijin, da jiragen sama da na ƙasa masu ƙetare larduna. Abin lura a nan shi ne ba a bar su su jira 2040 ba. An ɗora musu ayyuka uku masu maimaituwa.

Aiki na fari shi ne rubuta tsari a buga shi kowa ya gani. Ma'aikatun gwamnati an ba su zuwa 31 ga Disamba, 2022. Kamfanoni masu ma'aikata 100 ko fiye an ba su zuwa 1 ga Yuni, 2023, masu ma'aikata 10 zuwa 99 kuma zuwa 1 ga Yuni, 2024. Waɗanda ba su kai 10 ba an ɗauke musu. Tilas ne tsarin ya duba fannoni 7: ɗaukar ma'aikata, gine-gine, na'urorin kwamfuta da intanet, sauran hanyoyin isar da saƙo, sayen kaya da ba da kwangila, yadda ake hidima ga jama'a, da sufuri. Duk shekara 3 sai an sabunta shi. Tilas ne kuma a shawarci naƙasassu wajen rubuta shi, a kuma bayyana a cikinsa yadda aka yi shawarar.

Aiki na biyu shi ne buɗe hanyar karɓar koke da shawara. Kowace ma'aikata za ta ware jami'in da ke karɓa, ta wasiƙa ko ta waya ko ta intanet, kuma mai koke yana da damar ɓoye sunansa.

Aiki na uku shi ne rahoton ci gaba. A shekaru biyun da ke tsakanin wannan tsari da na gaba, kowace shekara sai an buga rahoto mai nuna abin da aka cika, da koke-koken da aka samu, da abin da aka yi a kansu. Cikin awa 48 da buga tsari ko rahoto sai an sanar da kwamishinan da dokar ta naɗa domin sa ido. Wanda ya nemi a ba shi takardar da manyan haruffa, ko cikin rubutun makafi, ko a naɗe cikin murya, tilas a ba shi, kuma an yanka kwana 45 ga rubutun makafi da murya. Tarar saɓa wa dokar tana iya kai wa Dalar Kanada 250,000.

Amfanin wannan tsari a fili yake. Manajan da ya rubuta da hannunsa cewa zai gyara ƙofar reshen banki kaza kafin wata kaza, ya san baɗi za a buɗe takardar a tambaye shi. In ma an sauya shi, wanda ya gaje shi zai gaji takardar.

TAKARDA KAƊAI BA TA ISA BA

Sai dai kada a ɗauka rubutu shi ne ƙarshen magana. Lardin Ontariyo na can Kanada ya yi tasa dokar tun 2005, da burin kammala gyara a 2025, kuma ya wajabta wa manyan ma'aikatu tsari na shekaru da rahoto. A 2019 David Onley, wanda ya taɓa zama wakilin Sarauniya a lardin, wanda kuma shi kansa shan-inna ya kama shi yana yaro, ya binciki yadda dokar ke aiki, ya tarar tafiyar tana jan ƙafa ƙwarai. Shekarar 2025 ta zo burin bai cika ba. Darasin shi ne rahoton da ba mai dubawa ya zama cike gurbi kawai. Tsari yana da amfani ne in waɗanda abin ya shafa suna riƙe da kofi, suna kuma da bakin tambaya.

YADDA ƘUNGIYA ZA TA RUBUTA TSARINTA

Yanzu sai a dawo gida. Ƙungiyoyin 'yan Arewa a Kudu suna riƙe da wurare da yawa da jama'a ke shiga: ofisoshin kasuwar gwari da ta shanu da ta goro, ofisoshin tasha, makarantun Islamiyya, masallatan unguwa, ɗakunan taro, da fadar Sarkin Hausawa kanta. Ba sai sun jira wata hukuma ta aiko musu da takarda ba. Tsarin ƙaramar ƙungiya ba ya bukatar lauya, shafi biyu sun isa, muddin an bi matakai biyar.

Mataki na fari, a zauna da masu abin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A gayyaci makaho da gurgu da kurma, maza da mata, a ba su kujera a cikin kwamitin, ba a bakin ƙofa ba. A nemi mai fassara maganar hannu domin kurame. Sarautun makafi da guragu da kutare da Hausawa suka gada sun sauƙaƙa wannan aiki, domin akwai shugabannin da za a tuntuɓa, amma kada a tsaya gare su kaɗai. Matasa 'yan makaranta da mata suna da matsalolin da dattawa ba za su ambata ba, musamman maganar makewayi.

Mataki na biyu, a zaga wurin tare da su, daga bakin titi har zuwa teburin magatakarda. Wani ya riƙe littafi yana rubuta duk inda aka tsaya: kwatar da ba murfi, matakala, ƙofa mai ƙunci, tayil mai santsi a wurin alwala, kantar da ta fi mai keke tsawo, sanarwar da ake yi da lasifika kaɗai wadda kurma ba ya ji, da wadda ake mannawa a bango kaɗai wadda makaho ba ya gani.

Mataki na uku, a yi awo kafin a kira magini. A nan ne kuɗi da yawa ke salwanta. Ƙa'idar da aka sani a ƙasashe da dama ita ce kowane tsayin santimita 1 yana bukatar gangare mai tsawon santimita 12. Matakala guda mai tsayin santimita 15 tana bukatar mita 1.8. Matakala uku, watau santimita 45, suna bukatar mita 5.4. Abin da ake yawan gani a ƙofar shaguna, inda aka zuba siminti a kan matakala ya miƙe kamar jikin tsauni, ya dace da tura babur ne kawai, mai keken guragu kuwa yana iya kifewa a kansa. Gangare yana bukatar ƙarfen riƙewa a gefe da fuska mara santsi. Ƙofa ta sami faɗin kimanin santimita 90, makewayi kuma ya sami filin kimanin mita 1.5 inda keke zai juya.

Mataki na huɗu, a jera ayyukan bisa ga sauƙi da muhimmanci. Waɗansu ba sa cin ko sisi: a sauko da ofishin karɓar kuɗin rumfa daga bene zuwa ƙasa, a hana ajiye babura da buhuna a bakin ƙofa, a ware sahun da ke kusa da ƙofa ga masu keke da masu sanda, a riƙa aika sanarwa cikin rubutu da murya gaba ɗaya ta wayar hannu. Waɗansu na bukatar buhun siminti kaɗan, kamar rufe kwata. Manyan kuma, irin su sabon makewayi, sai a raba su cikin kasafin shekara biyu ko uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Mataki na biyar shi ne ginshiƙin duka. A gaban kowane aiki a rubuta abu uku: sunan wanda aka ɗora wa, ranar gamawa, da kuɗin da aka ware. Tsarin da ya ce “za a duba yiwuwar inganta wurin” bai ce kome ba. Tsarin da ya ce ma'aji zai fitar da kuɗi kaza, shugaban kwamitin gini zai rufe kwatar ƙofar gabas kafin faɗuwar damina, shi ne tsari. Aikin kowa da kowa ba na kowa ba ne.

A ƙasan takardar kuma a sa sunan mutum guda da zai riƙa karɓar koke, tare da littafin da zai riƙa shigar da ranar da koke ya zo da ranar da aka amsa.

RAHOTON SHEKARA

Kowace ƙungiya tana da ranar da ma'aji ke miƙewa ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. A wannan rana ce ya kamata a karanta rahoton wannan tsari, da babbar murya saboda makafi, da mai fassara saboda kurame. Rahoton kirki yana amsa tambayoyi huɗu. Me aka yi alkawari bara? Me aka cika? Me aka kasa, kuma don me? Koke nawa aka samu, me aka yi a kansu?

Tambaya ta uku ita ce ke nuna gaskiyar shugabanni. Rahoton da ya cika da yabon kai da hotunan rabon shinkafa ba rahoto ba ne. Sadaka tana da ladanta, amma ba ita doka ke nema ba. Kyautar keke ga mutumin da ba zai iya shiga ofis da keken ba rabin aiki ce. Kafin a rufe rahoton kuma, ya kamata wakilan naƙasassu su je su gwada aikin da aka ce an gama, su sa hannu in sun gamsu. Ba mai kyau ba ne magini ya zama shi ne alƙalin gininsa. Bayan shekara 3 sai a sake zagaya, a rubuta sabon tsari, domin rumfuna kan ƙaru, kwatoci kan fashe, bukatu kuma kan sauya.

HAƘƘIN MAI KOKE

Ƙungiyar da ta gyara gidanta ta sami bakin tambayar wasu. Mutanen Arewa a Kudu suna biyan haraji, suna ajiya a bankuna, suna kai 'ya'yansu makarantu da asibitoci, saboda haka suna da haƙƙin da kowane ɗan ƙasa yake da shi. Baƙunci ba ya rage wa mutum haƙƙinsa a ƙarƙashin wannan doka.

Hanyar kuwa mai sauƙi ce. In ɗan ƙungiya ya kasa shiga wani wuri, a rubuta wasiƙa zuwa ga masu wurin, a faɗi rana da irin shingen da aka tarar, a ambaci dokar 2018, a nemi a san ranar da za a gyara. A yi kofi biyu, a sa a buga wa ɗaya hatimin karɓa a dawo da shi, domin maganar baka ba ta tsayawa a kotu. In an yi shiru, sai a kai batun ga ofishin jiha mai kula da naƙasassu, kamar LASODA a Ikko, ko ga Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa. Wasiƙar da ta fito da sunan ƙungiya mai mambobi ɗaruruwa ta fi ta mutum guda nauyi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kazalika, ƙungiyoyi na iya tambayar kowace ma'aikata da suke hulɗa da ita tambaya guda cikin ladabi: ina tsarinku a rubuce, kuma yaushe za a ga rahotonku?

Ga 'yan majalisa da hukumomi kuma, kiran shi ne su cike giɓin da aka ambata. A wajabta wa kowace babbar ma'aikata da kamfani su buga tsari mai wa'adi, su buga rahoto duk shekara cikin Turanci da manyan harsunan ƙasa, a kuma ba hukumar da ke sa ido isasshen kuɗi da ma'aikatan da za su fita su duba da kansu. Ranar 3 ga Disamba, wadda duniya ke tunawa da naƙasassu kowace shekara tun 1992, ta dace ta zama ranar karanta waɗannan rahotanni.

Jama'a, alkawari kaya ne. Shekara 5 sun wuce ba a sauke shi ba, kuma kowace rana da ta ƙaru akwai yaron da ya kasa shiga aji, da magidancin da ya tsaya a rana yana roƙon wani ya shiga banki a madadinsa. Abin da ake nema ga kowane shugaba da ke wannan taro shi ne, kafin taron ƙungiyarsa na gaba, ya kafa kwamiti mai ɗauke da naƙasassu, ya zaga wurinsa da ma'auni da littafi, ya zo da shafi biyu masu suna da rana da kuɗi. Baɗi war haka kuma a miƙe a karanta abin da aka yi.

Allah ya ba shugabanni ikon riƙon amana, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya mai da kowa gidansa lafiya.